Mura Ɗaya Ce, Jikin Ne Ba Ɗaya Ba

A ɗakunan da 'yan ci-rani ke kwana a Agege, Idi-Araba, Obalende ko bayan kasuwar Mile 12, mura ba ta tsayawa kan mutum ɗaya. Idan ta shiga ɗakin da mutum shida ke shimfiɗa, kafin mako ya zagayo kowa ya ɗanɗana. Biyar za su sha shayi da citta, su haɗiyi fanadol, gari na wayewa su fita nema. Na shidan, wanda sau da yawa shi ne dattijon ɗakin, zai kwanta ya kasa tashi, ƙirji ya riƙe, numfashi ya sarƙe. Sai ka ji ana cewa tasa ce ta zo da ƙarfi, ko kuma sanyin Ikko ne ya shige shi. Alhali ƙwayar cutar da ta kama shi ita ce ta kama sauran. Jikin da ta tarar ne ya bambanta.

Abin da muke kira mura a dunƙule cututtuka ne da dama, kuma mafi yawansu ƙwayoyin bairos ne ke kawo su. Akwai mai sauƙin da ke tsayawa a hanci da maƙogwaro. Akwai infuluwenza, mai zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi. Akwai korona, wadda ba ta tafi ko'ina ba duk da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kanta a watan Mayun 2023. Akwai kuma wata bairos ta hanyoyin numfashi da ake kira RSV, wadda ta fi addabar jarirai da tsofaffi. Infuluwenza kaɗai, a ƙiyasin hukumar, tana kama kusan mutum biliyan ɗaya a shekara, ta tsananta a jikin miliyan 3 zuwa 5, ta kashe tsakanin 290,000 da 650,000. Wato mafi yawan waɗanda ta kama suna warkewa ba tare da sun ga likita ba. Tambayar da ta dace ita ce, su wane ne waɗannan da take kwantarwa?

Allah ya halicci gaɓoɓin ɗan Adam da rarar ƙarfi. Zuciyar lafiyayyen mutum tana tura jini kusan lita biyar a minti idan yana zaune, amma idan ya ɗauki buhun albasa ya hau tudu, tana iya ninka wannan har sau huɗu. Huhu ma haka yake, kuma mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya. A ranakun lafiya wannan rarar a ajiye take, sai ciwo ya zo ake taɓa ta. Zazzaɓi yana ƙara wa jiki buƙatar iskar oksijin, yana ƙara bugun zuciya da kusan goma a minti a kan kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya hau, a daidai lokacin da huhun da zai samar da iskar ya kumbura ya cika da majina. Buƙata ta hau, samu ya ragu. Lamarin kamar 'yan kasuwa biyu ne da motar tumatir ɗaya ta lalace musu a hanya: mai jarin kansa zai yi asara ya koma kasuwa, wanda kuwa da bashi ya yi lodin, wannan asarar ce za ta rufe masa rumfa. Hawan jini, suga, asma, ciwon ƙoda da sikila, kowannensu yana cinye rarar jiki a hankali cikin shekaru, mai shi bai sani ba, domin harkokin yau da kullum ba sa nuna masa.

Annobar korona ce ta fito da wannan a fili da alƙaluma. A watan Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta fitar da bayanan mutum 44,672 da aka tabbatar sun kamu. A cikin waɗanda ba su da wani ciwo a ƙasa, kashi 0.9 cikin 100 ne suka rasu. Masu hawan jini kashi 6, masu daɗaɗɗen ciwon huhu kashi 6.3, masu suga kashi 7.3, masu ciwon zuciya kashi 10.5. Waɗannan alƙaluman farkon annoba ne, lokacin da ba a ƙirga masu ciwo mara tsanani sosai ba, kuma tsufa ya cakuɗa a ciki, tunda yawancin masu waɗannan cututtuka dattawa ne. Duk da haka, bincike bayan bincike a wasu ƙasashe ya ci gaba da nuna rukunin mutanen nan dai.

Mu kuwa mun gani a gida. A nan Legas aka fara tabbatar da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, amma abin da ya girgiza Bahaushe shi ne na Kano a watan Afrilun shekarar, lokacin da masu haƙar kabari suka rasa hutu, aka yi ta rasa malamai da dattawa masu daraja a jere. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken gwamnati: mace-mace 979, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce ta jawo su a kan wasu cututtukan da mamatan ke da su, kuma mafi yawansu sun haura shekara 65. A lokacin an yi ta musu, wasu na cewa ai wane hawan jini ne ya kashe shi, wane kuma suga. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya. Sugar tana jikinsa shekara goma yana zuwa masallaci da ƙafarsa, sai da cutar numfashi ta hau kanta aka rasa shi cikin mako.

A fara da zuciya. Hawan jinin da ake sha wa magani kullum, awonsa yana ƙasa da 140 bisa 90, haɗarin da yake ƙarawa kaɗan ne. Matsalar tana ga wanda aka bari shekara da shekaru. Irin wannan yana sa naman zuciya ya yi kauri ya yi tauri, jijiyoyin jini su ƙuntata, ƙoda ta raunana. Idan zazzaɓi ya nemi zuciyar ta ƙara gudu sai ta gaza, ruwa ya taru a huhu a kan kumburin da ke can. Sannan kumburin da bairos ke tayarwa a jiki yana sa jini saurin daskarewa, yana kuma iya fasa kitsen da ya manne a bangon jijiya. Wani bincike da aka yi a Ontario ta Kanada, aka buga a 2018, ya gano cewa a makon farko bayan an tabbatar wa mutum da infuluwenza, haɗarin bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, yana ninkuwa sau shida. Don haka idan mai hawan jini yana mura ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, a daina maganar mura, a nemi asibiti a wannan sa'ar.

Suga ta fi kowanne rikitarwa, domin ita da cutar numfashi kowacce tana ƙara wa 'yar'uwarta ƙarfi. Sukari mai yawa a jini yana sa fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, su yi nawa wajen isa inda cuta take da kuma kashe ta. Ita kuma cutar, da zarar ta shiga, jiki yana sakin sinadaran tashin hankali irin su kotizol, su kuma suna ɗaga suga ko da mutum bai ci komai ba. Suga ta hau, fitsari ya yawaita, ruwan jiki ya ƙare, ƙoda ta shiga wahala. A nan ne kuskuren da ya fi yawa ke faruwa: majinyaci ya ce tunda ba ya cin abinci bari ya ajiye magani. Ga mai allurar insulin wannan yana iya sa guba mai tsami ta taru a jini, ya fara amai da ciwon ciki da dogon numfashi, har ya fita hayyacinsa. Ga mai shan ƙwayar suga ta gilibenkilamaid kuwa haɗarin a ɗaya gefen yake, idan ya sha bai ci ba suga na iya faɗuwa warwas. Metfomin kuma, wanda shi ma maganin suga ne, likita kan dakatar da shi na ɗan lokaci idan ana amai ko ruwan jiki ya ƙare. Magani uku, hukunci uku, shi ya sa mai suga yake buƙatar ya tambayi likitansa tun yana lafiya yadda zai yi ranar da ya kwanta, kuma ya riƙa gwada sugarsa sau da dama a yini muddin yana zazzaɓi.

Akwai abin da muke yi da kyakkyawar niyya yana cutarwa. Mai zuwa dubiya ba ya zuwa hannu rabbana, zai riƙo maltina da lemon kwalba, mai shayin layi kuma ya aiko da kofi mai kauri, madara da sukari har ƙasa, wai Baba ya sha ya ji ƙarfi. Idan Baba mai suga ne, ruwa zalla da romo mara gishiri da yawa sun fi masa wannan alheri. A ajiye mai zaƙin don lokacin da awo ya nuna sugar ta faɗi.

Sai huhu kansa, kuma a nan zaman Legas yana da nasa kason. Hanyoyin iska a ƙirji suna da wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, aikinsu share majina da ƙura su turo su sama. Hayaƙi yana kashe musu kuzari. Mai tsire da ke tsaye kan garwashi tun la'asar har tsakar dare, ɗan acaɓa da direban tirela da ke shaƙar hayaƙin gas a cunkoson Apapa, maigadin da ɗakinsa ke manne da janareta, uwargidan da ke girki da itace ko gawayi a lungu mara taga, duk suna shan abin da mai sigari ke sha ko da ba su taɓa kunna kara ɗaya ba. Wani rahoton Bankin Duniya da ya fito a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a shekarar 2018 kaɗai, kuma kusan kashi 60 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A watan Maris na 2018 ne jujin Olusosun da ke Ojota ya kama da wuta, hayaƙinsa ya lulluɓe unguwannin da ke kewaye. Huhun da ya sha irin wannan shekara ashirin, hanyoyinsa sun riga sun ƙuntata, mura kaɗan ta isa ta toshe su. Haka wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke, sau da yawa tabo yana nan. Masu asma kuwa, bairos na mura shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke tayar musu da ita. Maganar da ake yaɗawa cewa wanda ya fara amfani da abin shaƙa ba zai iya rabuwa da shi ba, ko kuma alamar ciwo ya kai ƙarshe ne, ba ta da tushe, kuma ta sa mutane da yawa sun sha wahalar da ba dole ba.

Sikila tana buƙatar a tsaya a kanta, domin babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita, ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara. Idan iskar oksijin ta ragu a jinin mai sikila, jajayen ƙwayoyin jininsa suna lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi. Idan toshewar ta faru a huhu, iskar ta ƙara raguwa, wasu ƙwayoyin su ƙara lanƙwashewa, abu ya yi ta juyawa cikin sa'o'i kaɗan. Wannan rikicin ƙirji yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu sikila, kuma sau da yawa da mura yake farawa. Ga shi kuma saifarsu ta daina aiki tun suna ƙanana, ba su da kariya daga bakteriya kamar sauran yara. Yaro mai sikila da ya yi zazzaɓi da tari ba a kwana da shi a gida. Mazauna Idi-Araba ma sun yi dace, asibitin koyarwa na LUTH da cibiyar sikila ta ƙasa duk a unguwarsu suke, suna kallon juna.

Masu ciwon ƙoda, musamman waɗanda ake wa wanki, garkuwarsu tana da rauni kuma jikinsu ba ya jure ƙarancin ruwa ko yawansa. Mai HIV da ke shan maganinsa kullum yana kusa da kowa wajen juriya, wanda bai sani ba ko ya daina sha shi ne ke cikin haɗari. Teɓa tana danne huhu daga ƙasa, musamman idan an kwanta rigingine. Juna biyu ba ciwo ba ne, amma a watannin ƙarshe yana cin rarar huhu da zuciya, don haka infuluwenza ga mai ciki ba abin wasa ba ce.

Wani abin lura shi ne, sau da yawa bairos ba shi ke ƙarasa aikin ba. Yana goge fatar hanyoyin iska, bakteriya su samu ƙofa su haddasa nimoniya. A annobar infuluwenza ta 1918, wadda ta shigo Najeriya ta tashar jiragen ruwan Legas a watan Satumba, wannan cuta ta biyu ce ta kashe mafi yawan mutane a duniya. Alamarta a gane take: mutum ya fara samun sauƙi, sai bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya dawo da zafi, kaki ya yi kauri, haƙarƙari ya riƙa suka idan an ja numfashi. A wannan gaɓar ce kafso, wato maganin kashe bakteriya, yake da amfani. Shan sa tun ranar farko don maganin mura ba ya taɓa bairos, sai dai ya koya wa bakteriya jure magani.

Kantin magani na bakin layi shi ne asibitin farko ga yawancinmu, kuma ba na ganin laifin mai zuwa can, kuɗin kati da layin asibiti da asarar cinikin yini ba ƙaramin abu ba ne. Amma haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda ba tare da an tambaye shi ko yana da wani ciwo ba, shi ne inda ake samun matsala. Magungunan buɗe hanci da yawa suna ɗaga hawan jini. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen suna iya durƙusar da ƙodar da ta riga ta raunana, ballantana a jikin da ruwa ya ƙare. Mafi muni shi ne deksametason, wanda wasu ke sha don ƙiba. Gaskiya ne binciken RECOVERY da aka yi a Birtaniya ya nuna a watan Yunin 2020 cewa yana rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi, da ɗaya bisa biyar ga waɗanda ke kan oksijin. Amma binciken nan dai ya nuna ba shi da amfani ga wanda ciwonsa bai kai ga buƙatar oksijin ba. Abin da zai yi wa irin wannan shi ne ya danne masa garkuwa ya harba masa suga sama. Kafin ka karɓi kowane magani, ka buɗe baki ka ce, "Malam, ina da hawan jini," ko "ina da suga," ko da ba a tambaye ka ba.

To yaushe mura ta wuce ta gida? Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan yana haki yana zaune, ko ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya ya ja iska, ko ya fara sambatu da barcin da ba a iya tashinsa, ko ya yini bai yi fitsari ba, lokaci ya yi. Ga yaro ɗan wata 2 zuwa 11, numfashi 50 a minti ya yi yawa, ɗan shekara 1 zuwa 5 kuma 40, musamman idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa. Akwai 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa ta auna iskar jini, kuma ya kamata kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ko kwamitin masallaci su mallaki ɗaya tare da na'urar awon jini. Lafiyayye yana nuna 95 zuwa sama, idan ta sauka 92 ko ƙasa a tafi asibiti. Sai dai a sani, wani bincike a Amurka a 2020 ya nuna na'urar ta fi yin kuskure a kan baƙar fata, tana nuna adadi sama da na gaskiya. Idan mutum yana haki ita kuma tana cewa lafiya, a gaskata hakin.

Babbar damuwata ita ce waɗanda ba su san suna da komai ba. Kusan ɗaya cikin kowane manya uku a Najeriya yana da hawan jini, kuma da yawansu ba a taɓa ɗaura musu awo a dantse ba. Ɗan dako mai shekara hamsin da ke sauke buhu a Mile 12 zai ce maka shi ƙalau yake, hujjarsa ita ce yana aiki. Idan ɗansa ya ce, "Baba, mu je a gwada," sai ya ce a bar tone-tone. Gwajin nan minti biyar ne, kuma ana yinsa a cibiyoyin lafiya na matakin farko da manyan kantunan magani. Sugar da ta kai 126 kafin karin kumallo tana buƙatar a maimaita a ga likita. Jihar Legas tana da inshorar lafiya mai suna Ilera Eko ga mazauna jihar, maganin tarin fuka da na HIV kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Allurar nimoniya ta shiga jerin rigakafin yara tun ƙarshen 2014, a tabbatar an kammala wa kowane yaro. Ta infuluwenza kuwa, mai ciwon zuciya, suga, huhu ko ƙoda ya tambayi likitansa inda zai same ta. Matashin da mura ta kama shi ma yana da aikin yi: ya rufe baki in zai yi tari, ya wanke hannu, ya matsar da shimfiɗarsa daga ta dattijon ɗakin, a bar taga a buɗe.

Sai al'adarmu ta cewa idan jiki ya matsa a kai mutum gida. Na fahimci dalilin. A Legas babu mai jinya, asibiti yana neman kuɗi kafin gado, wani ba ya jin Turanci ko Yarbanci, kuma kowa yana son idan ta Allah ta kasance a ce yana cikin iyalinsa. Amma daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, zuwa Sakkwato ma haka, tafiyar yini da kwana a doguwar mota, wani lokaci a bayan tirelar da ta sauke shanu ko albasa. Babu oksijin a hanya, ana rage shan ruwa don gudun fitsari, ga iska da ƙura, ga zama wuri ɗaya da ke sa jini daskarewa a ƙafa. Mai suga ko ciwon zuciya da ke haki, kwanakin da ake haɗa masa kuɗin mota su ne kwanakin da magani ya fi yi masa aiki, maganin infuluwenza ma cikin sa'o'i 48 na farko ya fi tasiri. Kuɗin da 'yan'uwa suka tara don tafiyar, a fara kai shi da su babban asibitin Orile-Agege, ko Gbagada, ko asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, ko LUTH, a samu mai jin yare ya raka shi. Lambobin gaggawa na jihar su ne 112 da 767. Idan numfashi ya daidaita, likita ya sallame shi da takarda da magani a hannu, sannan a yi maganar mota.